Baƙon Shamakin Gidan Hilali

Magariba a unguwarmu ta Kiponda ba daga sama take saukowa ba, daga ƙasa take tasowa. Lungunan sun yi matsi, gidajen dutse sun yi tsawo, sai duhu ya fara taruwa a gindin bango tun rana tana kan rufin kwano, ya riƙa hawa a hankali kamar teku in ya tashi cikowa. A irin wannan lokaci ne, wata ranar Talata, iyalin Bwana Hilali suke zaune a falon bene suna jiran kiran salla.

Matarsa Bi Zuwena tana tsince shinkafa a faifai. 'Yarsu Shemsa ta jingina da bango tana ɗinkin hula, don sana'arta ke nan, kuma duk unguwar babu mai hannunta. Ango in bai sa hular Shemsa ba, sai a ce aurensa na gaggawa ne. Shi kuwa maigidan yana kishingiɗe yana kallon shamakinsa, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya yi tsintuwa ba wanda ya gani.

Sai aka yi gyaran murya.

Ba mai ƙarfi ba. Irin gyaran muryar dattijo mai kunya, wanda ya daɗe a zaune ba a kula shi ba, ba ya kuma son ya ce a kula shi. Daga wajen shamakin ta fito. Bi Zuwena ta ɗaga kai ta dubi mijinta.

"Baban Shemsa, mura ce?"

"Ni? Na ɗauka ke ce."

Can nesa ladan ya ɗaga murya. Shemsa ta tashi ta leƙa bayan shamakin, ba kowa sai tsintsiya da tsohon keken ɗinki. Amma falon ya cika da ƙamshin gahawa mai citta, alhali rabon da a ɗora gahawa a gidan tun ƙaramar salla, don Bwana Hilali ɗan shayi da madara ne, ya ce gahawa abin 'yan dako ne.

Shamakin nan sai an yi bayaninsa. Katako ne mai ƙyaure shida, kowanne ya fi mutum tsawo, an haɗa su da 'yan ƙarafan tagulla yadda za a ninke a buɗe. Tun zamanin kakan Hilali yake tsaye a falon yana tare ƙofar ɗakin mata daga idon baƙi. Wani Bature ne ya zana shi, wai fadar Sultan ce. Ga Sultan a tsakiya bisa karaga, gemu har cibiya. Ga wasu mata a kwance a gefensa, damatsa a waje, suna fifita da gashin jimina, ga damisa ɗaure da sarƙa tana hamma. Bi Zuwena tun tana amarya take cewa, "A wace fada aka taɓa ganin mata sun baje a gaban maza haka kamar kifin da aka shanya?" A ɗaya gefen Sultan akwai wani siririn mutum ba takalmi, riƙe da butar gahawa yana zubawa. Gahawar ta tsallake mahaɗar katako ta faɗa cikin finjalin wani baƙo da ke zaune a ƙyaure na gaba, ya miƙo hannun dama. Fuskar baƙon ba ta fito sosai ba, kamar Baturen ya zana ta yana gyangyaɗi. Can kuma a ƙyauren ƙarshe, bayan wutsiyar damisa, ga wani ƙato da rawani kamar kabewa, da wuƙar azurfa a ɗamara, ya juya yana kallon ƙofa. To wannan ƙaton shi ne Hilali ya ce kakansa ne Sudi, wazirin Sultan.

Mu da muke zama a dakalin ƙofar gidansa mun sha labarin wazirin nan har ya fara fitowa ta hancinmu. Kowa ya haƙura ban da Faki, abokin darar Hilali tun suna yara, mutumin da Allah bai hore wa barin magana ta wuce ba. Kwana ɗaya kafin gyaran muryar nan, Hilali ya cinye shi a dara ya ce jinin fada ba ya ɓuya. Faki ya kwashe 'ya'yan dararsa ya ce, "Jikan waziri, abu ɗaya ne ke ɗaure min kai. Wane irin waziri ne Sultan na tsakiya shi yana can bakin ƙofa, ya ba shi baya, yana gadin takalma? Kai, ko mai gahawa ya fi shi kusa da karaga."

Muka yi dariya muka watse. Hilali bai yi ba.

Washegari da safe, Bi Zuwena ta tafi gaisuwar rasuwa, Shemsa ta tafi sayen zare. Hilali ya kulle ƙofa, ya ɗauko sukundireba, ya kwance ƙarafan tagullan nan. Ya ciro mai rawani daga ƙarshe ya dasa shi kusa da Sultan, ya kwashi mai gahawa ya kai shi can inda mai rawani ya baro. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga abin ya yi masa daidai: ga waziri yana fuskantar Sultan kamar ana shawara. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, mai gahawa yanzu a kan wutsiyar damisa yake zubawa, baƙo kuwa ya miƙo finjalinsa fayau, ba abin da ke gabansa sai ɗuwawun mai rawani.

Matan gidan suka dawo ba su lura ba. Abin da ka tashi kana gani kullum, ido ya daina ganinsa.

Gyaran muryar ta ci gaba, kullum da magariba, ba ta wuce lokacinta, ba ta gazawa. Da farko sau ɗaya. Daga baya sai ta zo da ƙarar finjalai ana kaɗa su da juna, ƙyal-ƙyal, ƙyal-ƙyal, irin yadda masu tallar gahawa na da suke yi in sun shigo lungu. Bi Zuwena ta turara gidan har maƙwabta suka aiko tambaya ko gobara ce. Hilali ya ce ɓeraye ne, ya sayo tarko. Tarkon ya kama babban yatsan ƙafarsa.

Bayan mako guda sai jifa ya fara. Ba duwatsu ba, ƙwallayen dabino. Da rana ta faɗi sai ka ji su a kan kwano, ɗaya, shiru, ɗaya, shiru, kamar mai jifan yana ba ka lokaci ka yi tunani. Hilali ya hau rufi da fitila yana zagin 'ya'yan mutane, ya sauko da cikin hularsa na ƙwallaye, kowanne a jiƙe kamar yanzu aka tofo shi. Ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Faki ne. Wallahi Faki ne."

"Fakin da ke hawa dakali da ƙyar?" in ji Bi Zuwena. "Shi zai hau rufin bene?"

"To haya ya ɗauko."

"Ya yi hayar wanda zai ci dabino buhu guda don ya jefe ka? Baban Shemsa, ka ji tsoron Allah. Akwai wani abu a gidan nan."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. A ransa kuwa wani abu ya ɗan motsa, don ya san ranar da abin ya fara, ya kuma san abin da hannunsa ya yi a ranar. Sai dai ya riga ya ce wa Faki ya hau bene ranar Juma'a ya ga inda waziri yake tsayawa, kuma bai ga yadda zai janye ba.

Ba a kai Juma'ar ba. Ranar Alhamis da yamma, duhu ya hau bango ya kai taga, Shemsa na zaune a wurinta tana ɗinki, sai ta ajiye hular a hankali, ta soke allurar a jikinta. Ta tanƙwashe ƙafafu irin zaman maza. Ta gyara bayanta. Sannan ta miƙa hannun dama, yatsu uku a lanƙwashe kamar mai riƙe da ƙaramin abu, ta tsayar da shi a iska.

"Shemsa, tashi ki kunna fitila," in ji uwarta.

Ba ta motsa ba.

"Shemsa?"

Yarinyar ta juyo da kai a hankali. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Ta dubi uwarta, ta dubi hannun da ke miƙe, ta yi gyaran murya.

Faifan ya suɓuce daga cinyar Bi Zuwena, shinkafa ta watsu har ƙarƙashin shamaki.

Hannun nan bai sauka ba. An kwana, an wuni, an sake kwana. Uba ya kama ya danna, kamar yana danna reshen itace. Aka ɗauke ta a haka aka kai asibiti, hannu a gaba, mutanen lungu suna matsawa. Likita ya ƙwanƙwasa nan ya latsa can, ya ce jijiya ce, ya yi allura, ya sa ruwa. Ruwan ya ƙare, hannu yana inda yake. Suka dawo da ita gida. Ba ta ci, ba ta sha. In an kai mata kofin ruwa baki sai ta kawar da kai kamar an zage ta. Leɓɓanta suka tsattsage. Yatsun da ke zana fure a kan hula suka kumbura suka fara yin duhu, Bi Zuwena tana shafa musu man kwakwa tana kuka ba sauti, don ta ji likitan yana gaya wa abokin aikinsa cewa hannun da jini ya daina zagayawa ba ya daɗewa.

Tana share shinkafar da ta zube ne ta gano. A ƙarshen shamakin, a ƙasa, ta tarar da wani baƙin tabo mai danshi, ta dangwala ta sansana: gahawa. Ta ɗaga kai ta bi ta inda ta ɗigo, ta ga wutsiyar damisa, ta ga bakin buta a samanta. Ta ja baya. Ta dubi zanen tun daga farko har ƙarshe kamar ranar da aka kawo ta gidan. Ta dubi baƙon da ya miƙo finjali. Ta waiwaya ta dubi 'yarta. Zama ɗaya, hannu ɗaya.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Hilali ke nan.

"Wa ya taɓa shi?"

"Gyara kawai na yi, Maman Shemsa. Kuskure Baturen ya yi tun farko, ni kuma…"

"Gemu ya yi furfura, hankali yana goye. Ka tsaya kana jin 'yarka tana bushewa saboda Faki ya yi maka dariya? Mayar da shi. Yanzu."

Ya mayar. Kusoshi na faɗuwa, ya mayar da kowa gidansa, gahawa ta koma cikin finjali. Suka zauna suna kallon hannun Shemsa. Inuwa ta hau bango. Ladan ya kira. Hannu bai sauka ba. Sai ƙwallon dabino ya fito daga inda ba a sani ba, a cikin falon, ya sauka a tsakiyar sanƙon Hilali, ƙwas. Wani ya biyo. Ba wanda ya taɓa Bi Zuwena ko ɗaya.

"To me kuma ake so?" Hilali ya yi ihu yana kare kai. "Na mayar! Ba ga shi na mayar ba?"

Shemsa ta yi tsaki. Tsakin tsoho, dogo, mai cike da takaici.

Da safe Bi Zuwena ta aika tsibirin Pemba a kira mata kawunta Malam Kombo, wanda ya tsufa yana sulhu tsakanin mutane da waɗanda ba a gani. Ya iso a jirgin washegari, teku ya jijjiga shi, ransa a ɓace. Gajeren tsoho ne mai lema da 'yar jakar fata. Ya hau benen yana tsayawa yana numfashi, ya dubi yarinyar, ya dubi shamakin, ya dubi Hilali daga sama har ƙasa. Ya yi salla, ya ci ayaba ɗaya, ya ce a jira bayan La'asar.

Lokacin da rana ta karkata, ya sa aka rufe tagogi, ya zuba turare a kasko, ya zauna gaban Shemsa ya fara karatu. Muryarsa ƙasa-ƙasa take tafiya kamar ruwa a magudana. Hayaƙi ya tsaya a tsakiyar ɗaki bai tashi ba. A waje, mu 'yan dakali mun taru mun yi tsit, har Faki, wanda tun da abin ya faru bakinsa ya mutu. Karatu ya yi nisa. Jikin yarinyar ya fara kyarma, ban da hannun. Malam ya tofa mata, ya ce, "Assalamu alaikum, bawan Allah. Wane ne kai?"

Bakin Shemsa ya buɗe, muryar da ta fito ta wani dattijo ce, a dishe, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe.

"Wa alaikumus salam. Yaro, a Pemba haka ake yi? A tambayi baƙo sunansa ba a ba shi ko gahawa ba?"

Malam Kombo, wanda jikokinsa sun yi aure, ya haɗiye kiran yaro da aka yi masa. "Ka yi haƙuri. Baƙon wa?"

"Baƙon Sudi."

Hilali ya zabura daga lungun da ya rakuɓe. "Waziri Sudi! Kakana!"

Kan yarinyar ya juyo. "Wazirin wa? Kai ne mai sukundireba ko? Zauna."

Ya zauna.

"Ina nan aka yi zanen nan, a cikin falon nan. Baturen haya yake a ɗakin can. Bai taɓa taka fada ba, sau ɗaya ya je aka koro shi saboda warin taba. Sai ya aro riguna a wurin masu wasan kwaikwayo, ya tattaro mutanen lungu. Wancan mai gemun da kuke ce wa Sultan, kifi yake sayarwa. Damisar kyanwar maƙwabta ce. Matan daga kansa ya ƙago su, Allah ya shirye shi. Mai rawanin nan naka kuwa jaki yake kora, sunansa Pandu, rawanin ma labulen taga ne. Mutum ɗaya ne a duk katakon nan aka zana shi yana aikinsa na gaskiya." Idanun suka koma kan siririn mutumin da ba takalmi. "Sudi mai gahawa. Kakanka. Wanda ka kwasa ka kai bayan kyanwa."

Bi Zuwena ta dubi mijinta, ta buɗe baki, ta rufe. A duk zamansu ba ta taɓa yi masa alheri kamar wannan shirun ba.

Malam ya ce, "To kai me ya shigar da kai katako?"

"Ladabi ya shigar da ni. Iskar teku ta kawo ni daga ƙetare, na sauka zan wuce. Ina bin lungun nan na ji ƙamshi, na leƙo. Ɗan dakon da aka zaunar a matsayin baƙo ya gaji, ya ji jirgi ya iso, ya dire finjali ya gudu. Bature na ta ihu. Sudi yana tsaye da buta a sama, ya yi dariya ya ce, duk wanda ke kusa bismillah, ga gahawa. To ni ne a kusa. An yi min bismillah, in ƙi? Na zauna na miƙa hannu. Ya fara zubawa, Bature ya shafa fenti, shi ke nan."

"Tun lokacin?"

"Tun lokacin! Kai ka taɓa ganin baƙon kirki ya miƙe ana cikin zuba masa? Sai ya sha, ya girgiza finjali, mai zuba ya ɗauke buta, a yi sallama. To finjalin fenti girgizuwa yake? Iska ta juya ta sake juyawa, 'yan'uwana sun tafi sun dawo sun tafi, ni ina zaune. An yi sarauta an sauke, an kawo lantarki, an kawo rediyo, wannan ya girma yana ta zuba ƙarya a kunnena, duk na haƙura, na ce ai ana zuba min. Ran nan na ɗaga ido, ba buta, ba Sudi, sai bayan Pandu a fuskata. Pandu! Na yi gyaran murya, aka ce mura. Na kaɗa finjali, aka ce ɓera. Na yi jifa, aka ce Faki. Wane irin gida ne wannan? Sai na ari hannu, ko za a gani a gane. Yarinyar nan kaɗai ce ke yin sallama in za ta wuce ta gabana, na ce ita za a kula."

Malam ya ce, "An gani, an mayar maka da butar."

"An turo min dai, kamar ana ba kyanwa kan kifi. Ba sannu, ba yi haƙuri."

Malam Kombo ya gyara zama. "Bawan Allah, an yi maka laifi, amma wadda ka kama ba ita ta yi ba. Hannun nan da shi take ci, ga shi yana mutuwa. Ka sake ta."

"In sake ta in koma katako? A'a. Na ɗanɗana zama a jiki. Ku bar min ita, ku riƙa zuba min kullum da magariba, ba zan ƙara jifa ba."

Bi Zuwena ta yi wani ƙaramin sauti. Malam ya ɗaga mata hannu, ya jawo kaskon turaren kusa, muryarsa ta canza.

"Ka ce kai mai ladabi ne. Baƙo raɓa ne. Wanda ya zo shan finjali ɗaya ya ce a bar masa 'yar gida, sunansa ba baƙo ba. In ka zaɓi wancan sunan, akwai karatun da ake yi wa masu shi, kuma ban gaji ba tukuna."

Hayaƙin ya ɗan karkata.

"Raɓar ma sai rana ta fito take tashi," muryar ta ce, ta yi sanyi. "Ni na fi kowa son tafiya, yaro. A sallame ni yadda ake sallamar mutane. Jinin Sudi ne ya yi min bismillah, jinin Sudi zai gama zubawa. Gahawa ta gaske, da dabino. Yana tsaye, ba takalmi. Ya faɗi ko shi wane ne, da muryar da yake faɗin ƙaryar. A buɗe tagogi, a buɗe ƙofar gida, don ta ƙofa na shigo, ba zan fita ta magudana ba."

Hilali ya dubi tagogin. Ya san su wa ke zaune a ƙarƙashinsu. Ya ce, "Malam, ba za a iya yi a rufe ba? Ko a ɗan…"

Bi Zuwena ta matso. Ta kamo hannun 'yarta mai kumburi, ta juyo da shi yadda haske zai faɗa kan yatsun. Hilali ya duba. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya je ya buɗe tagogin da kansa.

Sai da aka aro buta a maƙwabta, don ta gidan ta zama mazubin kusoshi. Bi Zuwena ta dafa gahawar, ta sa citta. Lokacin da aka hawo da ita duhu ya riga ya cinye rabin bango. Hilali ya karɓi butar da hannun dama.

"Hagu!" in ji muryar. "Buta a hagu, finjali a dama. Kai wa ya rene ka?"

Ya sauya. Ya tsaya gaban 'yarsa, ya yi gyaran murya shi ma, ya ce a hankali, "Ni ne Hilali…"

"Ban ji ba. Na tsufa."

Ya rufe ido. Muryar da yake cin mu da ita a dara ta fito ta taga ta sauko lungu: "Ni ne Hilali ɗan Nassoro, jikan Sudi mai gahawa! Baƙonmu, ka yi haƙuri. Bismillah."

Ya sa finjalin a cikin yatsun nan uku, ya zauna daram kamar don shi aka lanƙwasa su. Ya zuba. Ga kunya, ga sauri, ya cika shi har baki.

Muryar ta yi ƙara har tagulla ta amsa. "Cika min ka yi? Korata kake? A gidan Sudi?" Kowa ya san finjali in aka cika maka shi fal, an ce maka sha ka ba mu wuri ne, kowa ban da jikan mai sana'ar. Malam Kombo ya dafe kai da hannu biyu. Bi Zuwena ta ce ta tsakanin haƙora, "Kaɗan, Baban Shemsa, kaɗan! Ɗan abin da zai rufe gindin finjali!"

Ya zubar, ya ba da haƙuri, ya sake. Wannan karon kaɗan. Hannun da ya yi kwanaki a sandare ya lanƙwashe a gwiwa, a hankali, yana ƙara, ya kai finjalin baki. Aka kurɓa. Aka yi ajiyar zuciya mai tsawo irin ta wanda ya sauke kaya. Hannun ya sake miƙowa. Hilali ya zuba na biyu. Aka ci dabino ɗaya, aka ajiye ƙwallon a gefen faranti, ba a jefi kowa ba. Ya zuba na uku.

"Citta ta yi yawa," in ji muryar. "Ta Sudi ta fi. Amma tsayuwarka irin tasa ce."

Sannan hannun ya ɗago finjalin, ya girgiza shi hagu da dama, sau 'yan kaɗan.

Hilali ya ɗauke buta.

"Alhamdu lillahi. A gafarce ni, 'yata. Ku zauna lafiya."

Hayaƙin da ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya taru wuri ɗaya, ya bi matakala ya sauka. Mu da ke dakali mun ji wata iska mai sanyi ta ratsa ta tsakaninmu, da ƙamshin gahawa, ta miƙe lungu ta nufi bakin teku. Ladan ya kira Magariba. A sama, finjalin ya suɓuce ya gangara, Shemsa ta faɗa jikin uwarta, ta dubi hannunta tana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce da muryarta, "Mama, ƙishirwa. Kuma wa ya taɓa min hula?"

Yatsun sun ɗauki lokaci kafin su saɓe, amma sun saɓe, kuma hular da ta soke wa allura ita ta fara gamawa. Shamakin yana nan a falon, kowa a wurinsa. Sai dai a ƙyauren baƙo, inda fuskar nan mai dishi-dishi take, fentin ya ɓare ya bar katako fari, gahawar Sudi tana zuba a finjalin da ba mai riƙe da shi.

Hilali ya yi kwanaki bai fito dakali ba. Ranar da ya fito, da yamma ne, ba takalmi, buta a hagu, finjalai a dama yana kaɗa su ƙyal-ƙyal. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba mana ɗan kaɗan a gindin finjali, muna karɓa muna kallon ƙasa. Muka ɗauka Faki zai yi haƙuri ko na yini ɗaya ne. Ina. Ya miƙo hannu, ya kashe ido, ya ce, "Jikan waziri, a zubo mana."

Hilali ya dube shi, ya karkata buta, ya cika masa finjalin fal har yana zuba a yatsunsa.